Za mu je ɗaurin aure a cocin Katolika: wace shiga ta dace, kuma ya batun hula?

Maman Ikram (Bur Sudan):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga 'yan'uwanmu Kiristoci da ke cikinmu. Maƙwabciyata za ta aurar da 'yarta ranar Asabar ta sama, kuma a cocin Katolika za a ɗaura. Mutanen Dutsen Nuba ne. Tun a Kartum katanga ɗaya ta raba mu, kuma mota ɗaya ce ta kwaso mu zuwa nan da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Lokacin da maigida ya kwanta jinya, ita ta riƙe min yara. Da ƙafarta ta zo har ɗaki ta gayyace mu, ba aike ta yi ba, don haka babu zancen ƙin zuwa. Sai dai ban taɓa taka coci ba. Tob, wato lafayar da matan Sudan ke yafawa, ya wadatar? Wane launi? Ana cire takalmi? Shi kuma maigida abin da ya tsaya masa a rai hula ce. An ce masa maza ba sa zama a ciki da ita, shi kuwa tun da ya mallaki hankalinsa bai taɓa zama cikin taro kai a buɗe ba.

Ɗan Kafanchan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan zumunci. Ni ɗan Katolika ne, aikin agaji ya kawo ni Bur Sudan, kuma tun ina yaro nake hidima a bagade. Ki kwantar da hankalinki: matar da ta sa tob ta riga ta wuce duk abin da ake nema. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, kada tufa ta nuna jiki. Ko a babban cocin Waliyyi Bitrus da ke Batikan abin da masu gadi ke dubawa ke nan a bakin ƙofa. Ki je cocin nan ranar Lahadi ki ga yadda tob ya cika benci, ba za ki bambance shi da taron suna a unguwarku ba.

Takalmi ba a cirewa. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da mutanen Habasha da Eritriya ne ke da al'adar cirewa a nasu, shi ya sa wasu ke haɗa mu. Ki shiga da takalminki, in dai ba mai ƙwas-ƙwas a kan siminti ba ne.

Abin da ya fi shiga muhimmanci, tunda kin ce ba ki taɓa zuwa ba: idan aka zo rabon Jibin Ubangiji, wato gurasar da aka tsarkake a ibada, za ki ga mutane sun tashi sun yi layi. Ku yi zamanku. Wannan na 'yan Katolika ne kaɗai, ko Kiristan wata ɗarika ba ya karɓa. Haka idan an durƙusa, baƙo ya zauna shiru, ba wanda zai kalle shi.

Tela Mai Keke (Gadarif):
Hajiya ki guji farin tob. Kin san a ƙasar nan fari na aikin ofis ne ko na makoki, ga shi amarya ma fari za ta sa. Ki nemi mai launi a kwance, ruwan toka ko shuɗi ko ruwan goro. Kuma ki duba abin da ke ƙarƙashi. Tob na yanzu da yawa shara-shara ne, a ɗaki kamar ya rufe, da an tsaya a bakin ƙofa rana ta bugo ta baya sai komai ya bayyana. Riga mai hannu har gwiwar hannu, mai shafi, ta auduga, saboda zafin Bur Sudan da gumin teku ba sa raga wa leda.

Abu Sadik:
Ni fa tambayata daban ce. An tsallake tushe an hau reshe. Ya halatta Musulmi ya shiga coci tun farko? Ku je walima a gida ku kai gudummawa, ya isa.

Malam na Mai Wurno:
Abu Sadik, tambayarka ba ta banza ba ce, amma kada a yanke hukunci da gaggawa. Malamai sun yi saɓani a kan shiga coci. Akwai waɗanda suka karhanta saboda hotuna da gumakan da ke ciki, akwai waɗanda suka halatta idan akwai buƙata kuma mutum ba zai yi ibadarsu ba. Haƙƙin maƙwabci kuwa babu saɓani a kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a masallacinsa a Madina, kuma sahabban farko sun ƙetare wannan Bahar Maliya da Maman Ikram ke kallo kullum suka sami mafaka wurin Najjashi, sarki Kirista. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a harabar waje ya yi wa ango da amarya murna idan sun fito. Wanda ya shiga ya zauna da ladabi. Abin da ba na so shi ne mutum ya shiga gidan ibadar mutane yana yatsina fuska. Gara bai je ba.

Abu Sadik:
Na ji Malam. Ni dai a waje zan tsaya in da ni ne.

Mai kula da zaure:
An ji ɓangarorin biyu. Don Allah a tsaya kan abin da Hajiya ta tambaya. Duk wanda ya taɓa addinin wani zan goge saƙonsa.

Mama 'Yar Zuru:
'Yata Maman Ikram, barka da wannan hali. Ni ma Katolika ce, aure ya kawo ni Sudan tun gashina na baƙi. Ke ba ki da matsala, kanki a rufe yake dama. Namu 'ya'yan ne ke ba ni ciwon kai. A gida, wace mace ce za ta doshi ƙofar coci ba ɗankwali? 'Yan Zumuntar Mata za su tare ta tun daga nesa, a ciro gyale a jaka a miƙa mata. Manzo Bulus ya yi maganar rufe kai a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11, ba ni na ƙirƙira ba. Yanzu sai ka ga yarinya ta zo da wando ya ɗame ta, riga iya cibiya, kitso a waje, ta zo karɓar jikin Almasihu. In za ta gaban hakimi haka za ta je? Ni na ce a sa mutane a ƙofa, wadda ba ta shirya ba ta koma ta sake shiri.

'Yar Bahri (yanzu Kasala):
Mama, da girmamawa, a nan ne ban bi ki ba. Babana mutumin Filato ne, mamata 'yar Nuba, a Bahri, wato Kartum ta Arewa, aka haife ni, kuma ni ma ina ɗaura ɗankwali idan zan je Mas, wato ibadarmu ta coci. Amma don na ga dama nake yi, ba don doka ba. Tsohon kundin dokokin Ikilisiya na 1917 ne ya wajabta wa mata rufe kai. Wanda Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1983 bai kawo wannan magana ba ko kaɗan. Saboda haka al'ada ce mai kyau, a Najeriya ta yi ƙarfi, a wasu ƙasashe ta mutu. Ba zunubi ba ne.

Maganar tsayar da mutane a ƙofa kuwa, Mama, mu da muka tashi a Kartum ba ma jin ta yadda kike ji. Mun girma ƙarƙashin sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya tanadi bulala har 40 a kan abin da ake kira shigar rashin ɗa'a, kuma ɗan sandan da ya tare ki shi ke yanke ko shigarki ta yi. Kowa ya tuna shari'ar 'yar jarida Lubna Husaini a 2009 a kan wando. A 2015 an kwashe wasu 'yan mata Kiristoci 'yan Nuba a Bahri suna fitowa daga coci, da siket da wando, aka kai su kotu. Ba cocinmu ba ne, amma a makon nan babu uwar da ta yi barci mai daɗi a unguwarmu. Sai ƙarshen 2019 aka soke dokar tsarin jama'a, wadda ita ma ake kama mata da ita a kan shiga. To bayan duk wannan, mu da kanmu za mu kafa masu auna tsawon siket a ƙofar gidan Allah? Wuri ɗaya da yarinya ke shiga ba ta tsoron a kama ta?

Mama 'Yar Zuru:
Ni ban ce a daki kowa ba, 'yata. Kada ki haɗa ni da masu bulala. Uwa ce ke gyara 'yarta.

'Yar Bahri (yanzu Kasala):
Ban haɗa ki da su ba Mama, Allah ya kiyaye. Amma uwa a ɗaki take gyara, ba a gaban jama'a ba. Bari in faɗa miki abin da na gani da idona a nan. Wata yarinya ta zo Mas da rigar ƙwallo ta maza, har da lamba a baya, da zani ɗaya da ya koɗe, da silifas ɗin wanka an ɗaure igiyarsa da waya. Wata baiwar Allah ta yi mata magana a bakin ƙofa, da ƙarfi, kowa na ji. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ta juya. Daga baya muka ji daga garin Madani suka gudo saboda yaƙi, a makaranta suke kwana, kuma kayan jikinta su ne kayanta duka. Rigar ta yayanta ce. Mun neme ta mun ba ta haƙuri, amma ba ta sake dawowa ba. Har yau idan na tuna yadda ta sunkuyar da kai tana jan silifas ɗin nan sai raina ya ɓaci.

Ɗan Kafanchan:
Mama da ƙanwata, ku bar ni in shiga tsakani, don kowaccenku tana riƙe da gaskiya, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mama ta yi daidai cewa shiga ba wasa ba ce. Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiya, a sakin layi na 1387, ya ce yanayin jiki, har da tufafi, ya kamata ya nuna girmamawa da natsuwa da farin cikin lokacin da Almasihu ya zama baƙonmu. Ku lura har da farin ciki a ciki, ba tsumma aka ce a sa ba. Fada da kansa ba ya hawa bagade da kayan da ya ga dama. Launin rigarsa ma a tsare yake: shunayya a lokacin azumi da makonnin jiran Kirsimeti, fari a Kirsimeti da Ista da ɗaurin aure, ja a ranar Fentikos da Juma'a Mai Kyau, kore a sauran makonni. Idan shi an ɗaure shi haka, ni da ke bai kamata mu zo kamar masu zuwa kallon ƙwallo ba, alhali muna da abin sawa a akwati.

Amma sharaɗin ke nan: in muna da shi. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta kawo misalin mutum biyu da suka shigo taro, ɗaya da zoben zinariya da kaya masu kyau, ɗaya matalauci da tsummoki, ta kuma tsawata wa masu ba wa na farko wuri mai kyau su ce wa na biyu ya tsaya can. Ba a taɓa buƙatar wannan aya kamar yanzu a Sudan ba. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu da abin da ke jikinsu. Babban Bishop na Kartum kansa, Michael Didi, a Bur Sudan yaƙin ya same shi, nan ya ci gaba da zama nesa da babban cocinsa na Waliyyi Matiyu. A irin wannan lokaci, wanda ya kori mai rigar ƙwallo ya yi laifin da ya fi na rigar nesa ba kusa ba. Ni ra'ayina: mai hali a yi masa nasiha a keɓe, marar hali a ba shi wurin zama a gaba, bayan an tashi a tambaye shi inda yake kwana.

Mama 'Yar Zuru:
Labarin yarinyar nan ya taɓa ni. Irinta ba ita nake nufi ba, Allah ya sani. Ina nufin masu akwati cike da kaya. A kansu ina nan kan bakana. Amma ƙofa, to, a bar ƙofa a buɗe. Ni dai gyalena biyu ba sa barin jakata, wadda ta karɓa da daɗin rai in ba ta.

Baƙin Jidda:
Ina bin ku daga Saudiyya. Mu nan babu coci ko ɗaya, abokan aikinmu 'yan Filifin da 'yan Indiya a ɗakunansu suke addu'arsu. Akwai wanda na sani, ranar hutunsa sai ya yi wanka ya goge riga mai dogon hannu, ya zauna gaban waya yana bin Mas daga ƙasarsu, ba mai ganinsa sai Allah. Ku da kuke da wurin zuwa ku riƙe shi da kyau.

Maman Ikram (Bur Sudan):
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ba a taɓa min batun hula ba, ga maigida nan a kaina yana tambaya.

Tela Mai Keke (Gadarif):
Alhaji ya cire kawai. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Malam na Mai Wurno:
A'a Tela, ba a nan wannan karin maganar ke aiki ba. A wurinmu dattijo ya tuɓe hula a cikin taro ba ƙaramin abu ba ne. Da hula muke girmama wuri, su kuma da cire ta suke girmamawa. Niyya ɗaya ce, hanya ta bambanta. A bar masu gida su faɗa.

Ɗan Kafanchan:
Malam ya gano bakin zaren. Asalin abin daga sura ɗaya yake da ta rufe kan mata: namiji ya yi addu'a kai a buɗe. Shi ya sa ɗan Katolika, ko a Kano ko a Kaduna, zai zo da babbar riga da hula kube, yana isa ƙofa ya cire hular ya riƙe a hannu ko ya ajiye a cinya. Ni ma haka nake yi, hannuna da kansa yake zuwa kai. Amma ko waccan tsohuwar doka ta 1917, da ta ce maza su zauna kai a buɗe, ta yi togaciya: sai fa idan karɓaɓɓiyar al'adar mutanen wurin ta nuna akasin haka. Kuma dokar 'yan Ikilisiya ta ɗaure, ba baƙo ba.

A ƙasar nan an saba. Makarantar Kamboni ta Kartum tun 1929 take, kuma ɗimbin 'ya'yan Musulmi sun yi karatu a cikinta. Limamanmu sun saba ganin jallabiya da rawani a bikin aure da jana'iza. Da Paparoma John Paul na biyu ya zo Kartum a Fabrairun 1993, masu rawani na cikin waɗanda suka tarbe shi. Babu Fadan da zai ga dattijo Musulmi ya zo taya maƙwabcinsa murna da farar jallabiya da tagiya ya ce masa cire. Abin da nake ba da shawara: Alhaji ya gaya wa uban amarya tun kafin ranar, shi kuma ya shaida wa Fada ko katikis, malamin da ke taimaka masa. Dalili, wani lokaci akan sami matashi mai tsaron ƙofa da zafin kai, wanda bai san baƙo ba, ya zo ya yi maganar da za ta ɓata ranar. Idan an san da zuwanku, shi ne ma zai raka ku wurin zama. Hular hana-sallah ta 'yan ƙwallo ce dai ba ta da uzuri a kan kowa.

'Yar Bahri (yanzu Kasala):
Ƙari kaɗan Anti. Akwai wurin da Fada zai ce a ba juna salama, sai kowa ya juya ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Idan ba kya musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki ɗan sunkuyar da kai, kowa a Sudan ya san wannan. Ko ki zauna tsakiyar mata. Da Larabci za a yi komai, za ki ji duk abin da ake faɗa. Lalle ki sha abinki, biki ne. Humra ce dai a sassauta, ɗakin zai cika, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, masu asma za su sha wuya.

Ummu Walid:
Ni ina sa niƙabi, kuma akwai abokiyar aikina da ke ta gayyata ta bikin baftismar ɗanta. Ya zan yi?

Mama 'Yar Zuru:
Ki gaya mata tun da wuri, 'yata. Saboda halin tsaro ana iya so a ga fuskar mai shiga. Sai ta haɗa ki da mace a ƙofa, ki ɗaga mata ita kaɗai, ki shige. Sistocinmu ma a lulluɓe suke, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki duba hoton Waliyyiya Bakita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka sayar a kasuwannin bayi, ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta cikin tsarkaka a shekarar 2000. Kanta a rufe yake a hoton. Da wuya ki shiga cocin Katolika a ƙasar nan ba ki gan ta a bango ba.

Abu Sadik:
Ni matsayina bai canza ba kan shiga. Amma maganar yarinyar Madani ta dame ni. A masallatanmu ma ana yi, a ga almajiri da yagaggiyar riga a tura shi sahun baya. 'Yar Bahri, akwai hanyar da za a kai wa irinsu kaya? Matata na da atamfofi da tob da ba ta sawa.

'Yar Bahri (yanzu Kasala):
Akwai Yaya, Allah ya saka. Makarantun da aka sauke mutane a nan cike suke, Musulmi da Kirista a aji ɗaya. Abin da aka fi nema zannuwa, rigunan 'yan mata masu hannu, kayan yara da takalma. A wanke kafin a kawo, don sabulu ma wahala yake yi musu.

Tela Mai Keke (Gadarif):
Wanda ke Gadarif ya kawo min nasa shago. Abin da ya yage zan ɗinke, wanda ya yi girma in rage, ba ko sisi. Tob ɗaya mita huɗu da rabi ne, yana fitar da rigar yarinya biyu har da ɗankwali idan an iya yanka. Direbobin Kasala na tashi da sassafe, sai mu haɗa a buhu ɗaya mu ba wanda muka yarda da shi.

Maman Ikram (Bur Sudan):
Maigida ya ce gobe bayan la'asar zai je wurin uban amarya kan batun tagiyar. Tela, ni ma ina da kayan Ikram da suka yi mata kaɗan, amma daga nan Bur Sudan wa zan ba?

Ɗan Kafanchan:
Ki haɗa su Hajiya, ki turo min saƙo ta gefe. Akwai motarmu da ke bin hanyar Kasala ranar Talata.

Mai kula da zaure:
Masu kaya su rubuta garinsu a ƙasa, kada a sa lambar waya a fili. Zan haɗa kowa da na kusa da shi.